Ƙuri'ar jin ra'ayin 'yan jam'iyya a jihohin Amurka: wa ake tambaya, kuma me alƙaluman ke nufi?

A tsakiyar watan Janairun 2024 wasu alƙaluma sun yi ta yawo a kafafen labarai da soshiyal midiya, wai a jihar Iowa Donald Trump yana da kashi 48 cikin ɗari, Nikki Haley kashi 20, Ron DeSantis kashi 16. Wanda bai saba bibiyar siyasar Amurka ba dole ya tsaya ya tambaya, toh ina Biden a wannan lissafin, ko shugaba mai ci a lokacin ba shi da ko mutum ɗaya a jihar? Amsar ita ce ba a ma saka sunansa a tambayar ba, don ba duk mutanen Iowa aka tambaya ba, ƙuri'ar jin ra'ayi ce ta waɗanda suka ce za su fito zaɓen fidda gwanin jam'iyyar Rifablikan kawai. Irin wannan ruɗanin yana dawowa duk bayan shekara huɗu, kuma tun ana saura shekara ɗaya da wani abu a kaɗa ƙuri'a ake fara sakin alƙaluman, shi ya sa yana da kyau a san abin da suke aunawa da abin da ba za su iya aunawa ba.

Wane zaɓe ma ake magana a kai

A Amurka manyan jam'iyyun nan biyu, Rifablikan da Dimokurat, ba rana ɗaya suke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Jiha-jiha ake bi, daga wajen Janairu ko Fabrairu har zuwa Yuni, kowace jiha talakawa masu zaɓe su fito su zaɓi wanda suke so, sai a raba daliget ɗin jihar gwargwadon sakamakon, su kuma daliget ɗin su je babban taron jam'iyya da bazara su tabbatar da wanda ya fi yawa. A 2024 ɗan takarar Rifablikan yana buƙatar daliget 1,215 kafin ya samu tikiti. A ɓangaren Dimokurat rabon daliget yana bin yawan ƙuri'a ne, amma sai ka kai kashi 15 sannan a ba ka wani abu. Su Rifablikan kowace jiha da tsarinta, akwai irin su Florida da Ohio inda wanda ya zo na ɗaya yake kwashe duka.

Wanda ya kalli zaɓen fidda gwanin Najeriya na 2022 zai ga inda bambancin yake. A can daliget ne suka taru a Abuja suka yanke hukunci a zama ɗaya, Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271 a APC, Amaechi 316, Osinbajo 235, a PDP kuma Atiku ya samu 371 Wike 237 bayan Tambuwal ya janye wa Atiku. A irin wannan tsarin ko ka zagaya jiha kana tambayar masu katin jam'iyya ra'ayinsu ba abin da zai nuna maka, tunda ba su ne ke da ƙuri'ar ba. A Amurka kuwa su ne ke da ita, shi ya sa tambayarsu ta zama babbar sana'a da jami'o'i da jaridu da gidajen talabijin da kamfanoni masu zaman kansu ke kashe kuɗi a kai.

Waye ɗan jam'iyya?

Nan ne wahalar farko take, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. In aka ce an tambayi "masu zaɓen jam'iyya" a jiha kaza, ma'anar kalmar tana canzawa daga jiha zuwa jiha. A New York da Florida da Pennsylvania ƙofa a rufe take, sai wanda ya yi rajista da sunan jam'iyyar ne zai shiga zaɓenta. A Michigan da Carolina ta Kudu da Texas babu ma rajistar jam'iyya, ranar zaɓe ka zo ka ce takardar wace jam'iyya kake so a ba ka shikenan. New Hampshire tana tsakiya, ɗan Dimokurat mai rajista ba zai shiga na Rifablikan ba, amma indifenda wanda bai bayyana jam'iyya ba yana iya zaɓar duk wanda ya ga dama, kuma irin waɗannan sun kai kusan kashi 40 na masu rajista a jihar.

Kaga kenan mai bincike tun kafin ya buga wayar farko sai ya yanke shawarar indifenda nawa zai saka a cikin lissafinsa, kuma wannan shawarar kaɗai tana iya juya sakamako. A zaɓen New Hampshire na 23 ga Janairun 2024 Trump ya kwashi kusan uku cikin huɗu na masu rajistar Rifablikan, Haley kuma ta rinjaye shi sosai a cikin indifenda, a ƙarshe ya ci da kashi 54 ita 43. Kamfani biyu za su iya yin bincike a sati ɗaya cikin gaskiya da amana, ɗaya ya ce tazarar maki 7 ce ɗaya ya ce 20, ba don wani ya yi ƙarya ba, sai don hasashensu kan su waye za su fito ya bambanta.

Sai kuma maganar kokas, wanda Iowa ta yi suna da shi. Wannan ba irin zaɓen da za ka biya rumfa da rana ka jefa ƙuri'a ka wuce ba ne, taro ne da ake yi da ƙarfe 7 na dare a makarantu da coci-coci da ɗakunan taro, a saurari jawabin wakilan 'yan takara sannan a zaɓa. Su 'yan Dimokurat har zuwa 2020 tsarinsu ya yi kama da ƙato bayan ƙato, magoya bayan kowane ɗan takara su tsaya a kusurwa ɗaya a ƙirga su, wanda bai kai kashi 15 a wurin ba mutanensa su koma bayan wani, shi ya sa masu bincike a Iowa suke tambayar mutum har da zaɓinsa na biyu. Mai aikin dare, mai jego, tsoho da ba ya iya tuƙi cikin ƙanƙara, duk da wuya su je. A 2024 cikin tsananin sanyi mutum kusan 110,000 ne suka fito kokas ɗin Rifablikan, wajen kashi 15 na masu rajistar jam'iyyar a jihar, alhali a 2016 sun kai kusan 187,000.

Yadda ake haɗa alƙaluman

Yawancin irin wannan bincike na jiha mutum 400 zuwa 800 ake tambaya, ta waya ko ta saƙon tes ko ta intanet. Mutane suna yawan cewa ta yaya mutum 600 za su wakilci jiha guda, amma a lissafi ba nan matsalar take ba. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake sokawa ya ga 'yan ƙwayoyi ya gane abin da ke ciki, in dai buhun a gauraye yake. Matsalar ita ce in an zuba mai kyau a sama an ɓoye mai ƙwari a ƙasa, kai kuma sama kawai kake iya sokawa. A binciken ra'ayi wannan na faruwa ne saboda waɗanda ke ɗaga waya su amsa tambayoyi ba irin waɗanda ke ƙin ɗagawa ba ne. Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 na gidajen da take nema ta waya suna amsawa, zuwa 2018 abin ya sauko kashi 6. Masu amsawar sun fi zama dattawa, masu ilimin jami'a, da waɗanda siyasa ta dame su sosai.

Don gyara wannan sai a yi abin da ake kira daidaita nauyi, in matasa sun yi kaɗan a cikin waɗanda aka samu sai a ƙara wa amsar kowane matashi nauyi, in masu digiri sun yi yawa a rage nasu. A zaɓen gama-gari wannan yana da ɗan sauƙi don akwai ƙidayar jama'a da tarihin zaɓuka da za a jingina da su, amma a zaɓen fidda gwani babu wanda ya san ainihin fasalin masu fitowa sai bayan sun fito, don haka da zaɓen baya ake kwatance, zaɓen bayan kuma yana iya zama shekara takwas da suka wuce da wasu 'yan takara daban.

Akwai kuma tazarar kuskure da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasa. In mutum 500 aka tambaya, tazarar tana kai wa maki 4 da ɗan wani abu sama ko ƙasa, in 1,000 ne maki 3. Abin lura shi ne wannan na kason mutum ɗaya ne, in ana maganar ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu kusan ninkawa ake yi, don haka wanda aka ce yana da 31 abokin karawarsa 27 a binciken mutum 500 ba za a iya rantsuwa cewa shi ke gaba ba. In kuma aka gutsuro wani ɓangare, misali a ce "a cikin baƙaƙen fata" ko "a cikin 'yan ƙasa da shekara 30", wataƙila mutum 100 ne kacal, tazarar kuskuren ta haura wajen maki 10. Kuma duk wannan lissafin bai haɗa da kuskuren hasashen masu fitowa ba, wanda shi ne ya fi girma.

Wani abu da ya sa na fidda gwani ya fi na gama-gari wuya shi ne duk 'yan takarar 'yan gida ɗaya ne. Ɗan Dimokurat da wuya ya koma Rifablikan cikin sati ɗaya, amma ya bar wannan ɗan Dimokurat ya koma wancan ba komai ba ne a wurinsa, muhawara ɗaya ko janyewar mutum ɗaya ta isa.

Inda aka dace da inda aka zame

Babban misalin da ake kafawa shi ne Michigan, 8 ga Maris 2016. Kusan duk binciken da aka yi sun nuna Hillary Clinton tana gaban Bernie Sanders da wajen maki 20, da aka ƙirga ƙuri'a Sanders ne ya ci da tazarar da ba ta kai maki 2 ba. Dalilan da aka gano daga baya suna da yawa kuma sun haɗu ne wuri ɗaya. Jihar ta daɗe ba ta yi zaɓen fidda gwanin Dimokurat na gaske ba, don a 2008 uwar jam'iyya ta hukunta ta saboda ta matso da ranar zaɓenta gaba har Obama ya cire sunansa daga takardar, a 2012 kuma ba shi da abokin hamayya, kenan babu ma'aunin da za a kwatanta da shi. Matasa sun fito fiye da yadda aka zata kuma kusan huɗu cikin biyar Sanders suka zaɓa, wasu masu binciken kuma wayar gida kawai suka riƙa kira alhali matasan salula suke riƙewa, ga indifenda da ƙofa take buɗe musu.

Kafin nan akwai New Hampshire a 2008. Obama ya ci Iowa ranar 3 ga Janairu, alƙaluma suka nuna ya wuce Clinton da wajen maki 8 a New Hampshire, ranar 8 ga wata ita ce ta ci da kashi 39, shi yana da 36 da ɗoriya. A lokacin wasu sun yi zargin cewa fararen fata ne suka yi wa masu tambaya ƙarya don kar a ce suna ƙin baƙar fata, amma ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a ta Amurka, AAPOR, da ta bi diddigin abin ba ta samu hujjar hakan ba. Abin da ta fi karkata a kai shi ne kwana biyar kawai ke tsakanin zaɓukan biyu, yawancin kamfanoni sun rufe tambayoyinsu da wuri, mutane kuma suna ta canza ra'ayi har daren zaɓe.

Shi kuma wancan binciken na Iowa da muka fara da shi, na jaridar Des Moines Register ne wanda mai binciken ra'ayi Ann Selzer ta daɗe tana gudanarwa, kuma ya kusa dacewa a kan Trump, ta ce 48 ya samu 51. Amma a na biyu da na uku abin ya juya, DeSantis ya samu 21 Haley 19. A cikin binciken nata kanta akwai alamar hakan, don magoya bayan Haley ba su nuna ɗoki irin na sauran ba, kuma a daren da sanyi ke kashe jiki ɗoki ne ke fitar da mutum daga gida. A 2016 ma haka, binciken ƙarshe ya ba Trump 28 Ted Cruz 23, amma Cruz ne ya ci saboda Kiristoci 'yan bishara sun fito fiye da lissafi kuma yana da tsarin kai mutane wurin taro.

Me ya sa ƙananan jihohi ke da wannan nauyi

Iowa mutanenta ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, daliget 40 gare ta a Rifablikan a 2024, New Hampshire 22, a lissafin 1,215 wannan ba wani abu ba ne. Kuma cin Iowa ba shi ne samun tikiti ba, Mike Huckabee a 2008, Rick Santorum a 2012, Cruz a 2016 duk sun ci Iowa a Rifablikan amma ba wanda ya zama ɗan takara a cikinsu. Nauyinsu daga zuwa da wuri yake, kuma alƙaluman jin ra'ayi su ne ke fara aiki tun kafin ƙuri'a.

Na farko su ke tantance wanda zai hau dandalin muhawara. A muhawarar Rifablikan ta farko a Milwaukee ranar 23 ga Agustan 2023 sai ɗan takara ya nuna masu ba shi gudummawa 40,000 sannan ya kai kashi 1 a wasu binciken da jam'iyya ta amince da su, na ƙasa baki ɗaya ko haɗe da na jihohin farko, kuma a muhawarorin da suka biyo baya aka riƙa ɗaga ma'aunin. Na biyu kuɗi, masu zuba dukiya a kamfen suna kallon alƙaluman ne kamar yadda ɗan kasuwa ke kallon farashi, in suka ga mutum ya tsaya wuri ɗaya sai su ɗauke hannu. Scott Walker na Rifablikan ya yi ta jan gaba a Iowa a tsakiyar 2015, zuwa Satumba ya janye. Kamala Harris ta janye a Disambar 2019, Mike Pence a Oktobar 2023, dukkansu ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba tukuna.

Amma akwai lokacin da alƙaluman jihohin farko ke ɓatar da mutane gaba ɗaya. A 2020 Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare. Sai aka zo Carolina ta Kudu inda baƙaƙen fata ne fiye da rabin masu zaɓen Dimokurat, ɗan majalisa Jim Clyburn ya mara masa baya ana saura kwana uku, ya ci da kashi 48 ranar 29 ga Fabrairu, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye masa, ranar 3 ga Maris ya lashe jiha 10 cikin 14 da suka yi zaɓe a ranar. Cikin kwana huɗu duk binciken da aka yi a waɗannan jihohin ya tsufa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Dimokurat suka maida Carolina ta Kudu ta farko a jadawalinsu na 2024, da hujjar cewa Iowa da New Hampshire kusan duk fararen fata ne, ba su yi kama da jam'iyyar ba.

Masu karewa da masu suka

Masu kare wannan sana'a suna cewa in babu ita abin da zai rage shi ne farfagandar 'yan kamfen da hasashen 'yan jarida da girman taron gangami, wanda kowa ya san ba ya nuna ƙuri'a. Suna kuma cewa ita ce ke ba ɗan takara mara kuɗi dama a gan shi, kamar Santorum da ya taso a Iowa a satin ƙarshe na 2011 bayan ya daɗe a ƙasan jeri, kuma ita ce ke nuna wa shugabannin jam'iyya abin da talakawansu ke so ko da su ba sa so, kamar yadda ta nuna ƙarfin Trump tun 2015 lokacin da manyan jam'iyyar ke ganin abin wasa ne. A ganinsu laifin na masu karantawa ne da ke ɗaukar hoton rana ɗaya a matsayin annabci.

Masu suka kuma suna cewa binciken da ake yi ana saura wata shida ko shekara sanin suna kawai yake aunawa, shi ya sa Rudy Giuliani na Rifablikan ya shafe 2007 yana kan gaba a ƙasa baki ɗaya amma bai ci jiha ko ɗaya ba. Suna cewa amfani da kashi 1 ko 2 wajen hana mutum muhawara bai da tushe tunda bambancin ya fi tazarar kuskure ƙanƙanta. Sannan akwai binciken cikin gida da kamfen ko ƙungiyoyin da ke mara masa baya ke biyan kuɗinsa, su saki wanda ya yi musu daɗi su ɓoye saura, jarida kuma ta buga shi kamar kowane. Duka ɓangarorin dai sun yarda da abu ɗaya, haɗa bincike da yawa a ɗauki matsakaici ya fi dogaro da guda ɗaya, duk da Michigan ta nuna cewa in duka suka yi kuskure iri ɗaya matsakaicin ma ba ya ceto.

Abin da ke isa ga talaka

Mazaunin Iowa ko New Hampshire yana shan kiran waya da tallan siyasa wata da watanni, amma yana samun abin da ɗan wata jiha ba ya samu, 'yan takara su zo har garinsu ya yi musu tambaya baki da baki, kuma buƙatun jiharsa kamar tallafin man da ake yi da masara su shiga bakin kowa. Alƙaluman suna kuma canza yadda yake zaɓe, mutum yana son wane amma ya ga yana kashi 3, sai ya koma wa wanda yake ganin zai iya kayar da wanda ba ya so. Na jihohin baya kuwa sau da yawa kafin layi ya zo kansu an gama, Haley ta janye ranar 6 ga Maris 2024 kafin Florida da New York da Pennsylvania su yi nasu, duk da haka ta samu sama da kashi 16 a Pennsylvania a watan Afrilu, daga masu rajistar Rifablikan zalla.

Ƙananan al'ummomi su ne suka fi ɓacewa a irin wannan lissafi, don a binciken mutum 600 Larabawa da Musulmin jiha ba za su wuce 'yan tsiraru ba, wasu ma ba da Ingilishi suka fi sakewa ba. A Michigan ranar 27 ga Fabrairun 2024 masu adawa da matsayin Biden kan yaƙin Gaza sun nemi mutane su dangwala wa gurbin "ban tsayar da kowa ba", suka ce ƙuri'a 10,000 suke nema, kusan tazarar da Trump ya ci jihar da ita a 2016. Sun samu sama da 100,000, wajen kashi 13, har da daliget biyu, kuma a garuruwan Dearborn da Hamtramck, inda Larabawa da Musulmi suke da yawa, gurbin ya fi Biden ƙuri'a. Ga 'yan Afirka ta Yamma da suka samu takardar zama 'yan ƙasa, irin Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da ke Bronx a birnin New York, akwai ƙarin sharaɗi, a New York wanda yake son canza jam'iyya don ya shiga zaɓen fidda gwanin shekarar sai ya yi kafin 14 ga Fabrairu ta wuce, wanda kuma bai yi rajista da kowace jam'iyya ba, ba ya cikin masu zaɓen, ba ya kuma cikin waɗanda masu binciken ke ƙirgawa.